Ina sauran suka shiga? Matan Ingila marubuta labarai da 'yan kasuwar da suka buga musu

A ranar 16 ga Disamba 2025 aka cika shekara 250 da haihuwar marubuciya Jane Austen, kuma tun 2017 hotonta ke kan takardar kuɗin Ingila ta fam goma. Wanda ya bi labaran bikin daga nesa zai iya ɗauka cewa ita ce mace ta farko da ta rubuta ƙagaggen labari da Turanci, ko kuma ita kaɗai ce mace a tsakiyar maza a zamaninta. Tarihin buga littafi bai nuna haka ba. Lokacin da littafinta na farko ya fito a 1811, mata sun haura shekara 120 suna rubuta labarai don sayarwa a Landan. A shekarun da take rubutu ma, sabbin labaran da aka tabbatar mata ne suka rubuta sun fi na maza yawa.

To ina sauran suka shiga? Ingancin rubutu yana cikin amsar, amma bai cika ta ba. Sai an duba wanda ya buga littafin, da abin da ya biya, da wanda ya riƙe haƙƙin mallaka, da irin shagon da mai karatu ke samun littafin, kafin a gane dalilin da ya sa sunan mace ɗaya ya hau kan kuɗi, na ɗaruruwa kuma ya ɓace.

## Kalmomin da ke rikita mai karatu

Ƙagaggen labari a nan shi ne dogon labari na zube. Turawan ƙarni na 18 sun raba shi gida biyu, kuma wata marubuciya, Clara Reeve, ta fayyace rabon a 1785: akwai wanda ke kwaikwayon rayuwar yau da kullum da ɗabi'un mutanen zamani, akwai kuma na jarumta da abubuwan al'ajabi. A shekarun 1790 wani reshe na biyun ya cika kasuwa, ana kiransa Gotik. Kayan haɗinsa sanannu ne: tsohuwar fada ko kufan gidan ibada a duwatsun Italiya ko Jamus, marainiya da aka kulle a ɗaki, mugun waliyyi mai kwaɗayin dukiyar da ta gada, da ƙarar da ake ji da tsakar dare ba a san mai yin ta ba.

Mai bugawa na wancan zamani ba kamfani ba ne irin na yau mai editoci da sassa. Ɗan kasuwa ne mai shagon littattafai. Shi ke sayen rubutun, ya sayi takarda, ya biya maɗaba'a, ya ba jaridu talla, sannan ya sayar a kantinsa ya kuma ba wasu sari.

Haƙƙin mallaka kuwa ya samo asali ne daga dokar 1710 ta zamanin Sarauniya Anne, wadda ta ba sabon littafi kariyar shekara 14, da ƙarin wasu 14 idan marubucin na raye. 'Yan kasuwar Landan sun daɗe suna iƙirarin cewa abin da suka saya nasu ne har abada, sai a 1774 Majalisar Dattawan Birtaniya ta yanke hukuncin cewa haƙƙin yana da wa'adi.

Kuɗin da za a ambata su ne fam da sule da kwabo. Sule 20 ne fam ɗaya, kwabo 12 ne sule ɗaya. Akwai kuma gini, wato sule 21, wanda da shi masu hali ke yin ciniki.

## Waɗanda suka share fage

Aphra Behn ce ake yawan kira mace ta farko a Ingila da ta ci abinci da alƙalaminta. Ta yi wa Sarki Charles na Biyu leƙen asiri a Antwerp a 1666, ba a biya ta yadda ya kamata ba, ta dawo da bashi a wuya, ta kama rubuta wasannin kwaikwayo. A 1688 ta fitar da *Oroonoko*, labarin wani ɗan sarki daga Kormantin, a gaɓar tekun Ghana ta yau, da aka yaudara aka kai shi bauta Surinam. A 1695, bayan mutuwarta, dokar da ke tilasta neman izini kafin a buga littafi ta ƙare ba a sabunta ba, sai maɗaba'u suka yawaita a Landan da sauran garuruwa.

Delarivier Manley ta yi amfani da wannan dama ta rubuta *The New Atalantis* a 1709, inda ta tona asirin manyan 'yan siyasa da sunayen ƙarya. An kama ta, amma ƙarar ba ta kai ko'ina ba. Eliza Haywood ta biyo baya da *Love in Excess* a 1719, wanda William Chetwood ya buga, ya kuma samu kasuwa ƙwarai.

Tun a nan aka fara haɗa sunan marubuciya da na mai buga mata a zage su tare. Mawaƙi Alexander Pope, a waƙarsa ta zambo *The Dunciad* ta 1728, ya mai da Haywood kyautar da 'yan kasuwar littafi biyu ke takara a kanta cikin wata gasa ta ƙazanta. Bayan Samuel Richardson ya fitar da *Pamela* a 1740, kasuwa ta karkata ga labarin da ke ɗauke da wa'azi. Haywood ta bi iskar, ta fitar da mujallar mata daga 1744 zuwa 1746, ta kuma sauya salon labaranta. Matan da suka biyo baya sun koyi darasi: mai son a karanta ta a gidan mutunci sai ta nesanta kanta da su Behn da Manley.

## Littafi ya fi ƙarfin aljihu

Da hannu ake yin takarda a lokacin, daga tsummokara, ga haraji a kanta. Da hannu kuma ake jera haruffa a danna. Shi ya sa sabon labari ke da tsada. *Sense and Sensibility* na Austen, juzu'i uku, sule 15 aka sayar da shi a 1811. *Pride and Prejudice* sule 18 a 1813, *Emma* kuma gini guda. Leburan gona a kudancin Ingila a shekarun 1790 da wuya ya wuce sule goma a mako. Ko ɗan kasuwa mai rufin asiri ba zai zuba irin wannan kuɗi a littafin da za a karanta sau ɗaya a ajiye ba.

Shagon hayar littafi ne ya cike giɓin. Allan Ramsay ya buɗe irinsa a Edinburgh wajen 1725, daga shekarun 1740 kuma suka bazu a Landan da garuruwan shaƙatawa irin su Bath da Brighton da Margate. Zuwa farkon ƙarni na 19 an ƙiyasta sun kai dubu a Ingila. Mutum ya biya kimanin gini ɗaya a shekara, ko ƙasa da haka a ƙananan garuruwa, ya riƙa ɗaukar littafi yana mayarwa. Wanda bai yi rajista ba sai ya biya 'yan kwabbai a kan kowane juzu'i. Da yawa daga shagunan ba littafi kaɗai suke ajiyewa ba, har da takardar wasiƙa da turare da kayan ƙawa.

Wannan tsari ya sauya siffar labarin kansa. Kwafi 500 zuwa 750 ake bugawa na sabon labari, kuma shagunan haya ke kwashe kaso mai tsoka. Kenan mai shago ne babban mai saye, kuma abin da yake so ya bambanta da abin da mai tara littattafai a gida ke so. Yana son labari mai juzu'i uku ko huɗu, don mutum uku su riƙe littafi ɗaya a lokaci guda, kowa ya biya. Yana son sabon kaya a kai a kai, don mai rajista ba zai sabunta ba idan ya ƙare abin da ke kan kanta. Yana kuma son suna mai jan hankali, tun da daga jerin sunaye kawai mai haya ke zaɓa. 'Yan'uwa biyu, Francis da John Noble, sun gane haka tun tsakiyar ƙarni na 18, suka riƙa buga labarai musamman don cika shagunansu.

## William Lane da maɗaba'ar Minerva

Wanda ya kai wannan sana'a ƙarshenta shi ne William Lane. Ɗan mai sayar da kaji ne, shi ma da kajin ya fara, abin da masu zaginsa ba su taɓa mantawa ba. A shekarun 1770 ya koma harkar littafi a titin Leadenhall, unguwar 'yan kasuwa a gabashin tsakiyar Landan, nesa da shagunan masu faɗa a ji. A 1790 ya kafa maɗaba'arsa ya sa mata suna Minerva, sunan abar bautar da Romawa ke dangantawa da hikima, ya kafa gunkinta a saman ƙofa.

Dabararsa ita ce riƙe kowane mataki a hannunsa. Shi ke sayen rubutu, shi ke bugawa, yana da katafaren shagon haya nasa, sannan yana talla cewa duk mai kanti a kowane gari da ke son buɗe shagon haya ya zo, zai ba shi littattafai a shirye da jerin sunayensu da bayanin yadda ake tafiyar da sana'ar. Kowane sabon shago ya zama mai sayen abin da Minerva za ta fitar gobe. Masu ƙididdigar littattafan zamanin sun gano cewa a shekarun 1790 kusan ɗaya cikin kowane sabbin labarai uku da aka buga a Landan daga hannun Lane ya fito. Mawaƙi Samuel Rogers ya tuna ganinsa yana yawo a keken doki na ƙasaita, da barori masu sanduna da kan zinariya.

Kasuwa mai cin kaya haka tana buƙatar marubuta da yawa, kuma Lane ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba su da kowa. Ba sai mace tana da uba sananne ko ubangida a fada ba, ta aiko da rubutu kawai. A wata takardar talla ta 1798 ya jera marubutansa goma da ya kira na musamman, dukkansu mata. Cikinsu akwai Regina Maria Roche, 'yar Ireland, wadda *The Children of the Abbey* nata na 1796 ya yi ta samun sabon bugu a Birtaniya da Amurka har ƙarshen ƙarni na 19. Akwai Eliza Parsons, wadda mijinta ya karye a kasuwanci ya rasu ya bar ta da 'ya'ya takwas, ta rubuta labarai kusan ashirin don ciyar da su. Akwai Mrs Meeke, mai labarai sama da ashirin, wadda masanin tarihi Thomas Macaulay ya riƙa karantawa ba ya gajiya.

Labarin Meeke ya nuna zurfin mantuwar da ta biyo baya. An daɗe ana ɗauka cewa matar wani limamin coci ce mai suna Mary. Sai a 2013 wani manazarci, Simon Macdonald, ya tabbatar da cewa Elizabeth Meeke ce, agola a gidan su Frances Burney, wato 'yar matar uban marubuciyar da ta fi kowace mace daraja a idon masu sharhin zamanin. Gida ɗaya ya fitar da wadda ake yabo da wadda ake yi wa kallon mai rubutun kasuwa.

Lane ya rasu a 1814. Abokin kasuwancinsa A. K. Newman ya ci gaba, amma wajen 1820 ya daina sa sunan Minerva a littattafansa. Sunan ya riga ya zama zagi.

## Nawa aka biya wa

Hanyar da ta fi yawa ita ce sayar da haƙƙin mallaka gaba ɗaya, a karɓi kuɗi sau ɗaya. Idan littafin ya faɗi, asarar mai bugawa ce. Idan ya ci kasuwa, marubuciya ba ta da ko sisi a ribar. Frances Burney ta sayar wa Thomas Lowndes *Evelina* a kan gini 20, ya fito a 1778 ba suna. Ta kwafe shi da rubutun hannu na boge, don masu maɗaba'a sun san hannunta daga kwafe littattafan mahaifinta, ta kuma aika ɗan'uwanta cikin ɓad-da-kama ya yi cinikin. Littafin ya yi tashe, Lowndes ya ci riba, abin da ya ƙara mata bai taka kara ya karya ba.

A 1796 Burney ta rama. Ta fitar da *Camilla* ta hanyar karo-karo: masu son littafin su biya tun kafin a buga, a jera sunayensu a farkonsa. Da wannan da sayar da haƙƙin daga baya ta samu kimanin fam 2,000, har ta gina gida da kuɗin. A jerin waɗanda suka biya akwai wata budurwa daga ƙauyen Steventon, Miss J. Austen. Sai dai hanyar karo-karo ta mai suna da manyan ƙawaye ce. Matar da ba a sani ba, roƙo za a ɗauki abin.

Ann Radcliffe, uwar labaran Gotik, ta fara da Thomas Hookham, wanda shi ma mai shagon haya ne. Da sunanta ya fito, kamfanin Robinson ya biya ta fam 500 a kan *The Mysteries of Udolpho* a 1794, Cadell da Davies kuma fam 800 a kan *The Italian* a 1797. Irin wannan kuɗi ya ba mutane mamaki ne saboda ba a saba gani ba. Abin da marubuciya marar suna ke samu ya fi kusa da abin da Austen ta samu a cinikinta na farko.

A 1803 kamfanin Crosby, wanda shi ma labaran kasuwa yake bugawa, ya sayi wani rubutunta mai suna *Susan* a kan fam goma. Ya yi tallarsa, bai buga ba. A 1809 ta rubuta masa da sunan aro tana neman bayani, aka amsa mata cewa ba a yi alkawarin ranar bugawa ba, in tana son kayanta ta mayar da fam goman. Sai a 1816 ɗan'uwanta Henry ya fanso shi. Shi ne ya fito a matsayin *Northanger Abbey* a ƙarshen 1817, bayan rasuwarta.

*Sense and Sensibility* kuwa a kan kamasho Thomas Egerton ya buga shi, wato asara ta marubuciya ce, riba ma tata ce bayan ya cire ladansa. Ta samu fam 140. Da aka zo *Pride and Prejudice* sai ta sayar masa da haƙƙin a kan fam 110, ko da yake 150 ta so. Wannan ne littafinta da ya fi karɓuwa, kuma Egerton ne ya ci ribar bugu na biyu da na uku. Duk abin da ta samu daga rubutu a rayuwarta bai kai fam 700 ba. Kamasho ya fi riba, amma sai mai ɗan'uwa da zai tsaya mata idan littafin bai sayu ba. Gwauruwa irin Parsons, mai 'ya'ya takwas da kuɗin haya a gabanta, ba ta da wannan zaɓi.

## Dokar aure da ɓoye suna

Masanin shari'a William Blackstone ya rubuta a 1765 cewa a idon dokar Ingila miji da mata mutum ɗaya ne, kuma mijin ne ke wakiltar mutumin. A aikace, matar aure ba ta ƙulla yarjejeniya da sunanta, kuma abin da ta samu na mijinta ne. Sai dokokin 1870 da 1882 suka sauya haka.

Charlotte Smith ce misalin da ya fi fitowa fili. An yi mata aure tana shekara 15, ta haifi 'ya'ya 12. A 1783 aka ɗaure mijinta saboda bashi, ta zauna da shi wani lokaci a kurkukun King's Bench. Ta rabu da shi a 1787, amma ba saki ba ne a shari'a, don haka yana da ikon neman kuɗin littattafanta. Daga *Emmeline* a 1788 ta fitar da labarai goma cikin kimanin shekara goma, tana jiran gadon da kakan 'ya'yanta ya bar musu, wanda shari'arsa ba ta ƙare ba har ta rasu a 1806. Wanda ya ce a labaranta akwai alamar gaggawa bai yi ƙarya ba, kuma dalilin gaggawar a bayyane yake.

Ɓoye suna kuwa ya fi rikitarwa fiye da yadda ake ɗauka. Mafi yawan labaran shekarun 1770 da 1780 ba su ɗauke da sunan kowa, na maza da na mata. Rubuta labari don kuɗi ba abin alfahari ba ne ga kowane jinsi. Ga mace akwai ƙarin tsoron a ce ta fita daga kunya. Amma rubuta cewa wata baiwar Allah ce ta wallafa, kamar yadda aka yi a littafin Austen na farko, shi ma talla ne: yana jawo mata masu haya, yana kuma sa mai sharhi ya sassauta. Har akwai mazan da suka fake da wannan laƙabi. Illar ta zo daga baya, don littafin da ba shi da suna ba shi da mai kare shi idan aka zo rubuta tarihi.

## Masu suka da masu kariya

Sukar ta zo daga ɓangarori da ba su jituwa da juna. Masu wa'azi irin su Hannah More, a littafinta na 1799 kan ilimin mata, sun ga labaran a matsayin masu lalata tarbiyya da cusa wa 'yan mata burin da ba zai cika ba. Tun 1775 Richard Sheridan ya sa wani dattijo a wasansa *The Rivals* yana kwatanta shagon haya da bishiyar ilimin shaiɗan da ba ta kaɗe ganye, ko da yake dattijon ma abin dariya ne a wasan. Mawaƙa suna da nasu ƙorafin. Wordsworth ya koka a 1800 cewa labaran hauka sun kori manyan marubutan da, Coleridge kuma ya ce a 1817 abin da masu haya ke yi kashe lokaci ne, bai kai a kira shi karatu ba.

Mary Wollstonecraft, mai fafutukar haƙƙin mata, ita ma ta soki labaran a 1792, amma daga wata kusurwa. A ganinta hana mata ilimi mai zurfi ne ya bar su da labaran soyayya, kuma duk da haka ta ce karanta su ya fi zama ba karatu. Ita kanta ta rubuta labarai biyu.

Austen ta tsaya a tsakiya. A *Northanger Abbey* ta yi wa Gotik dariya, ta jera sunayen labaran ban tsoro bakwai da wata budurwa ke ba ƙawarta shawarar karantawa, shida daga cikinsu na Minerva. Amma a littafin nan dai ta tsaya ta kare ƙagaggen labari da kakkausar murya, ta zargi marubutan da ke raina sana'arsu, ta ambaci ayyukan Burney da Maria Edgeworth a matsayin hujja. A wata wasiƙa ta Disamba 1798 ta ce gidansu manyan masu karanta labarai ne kuma ba sa jin kunyar haka. A shekarar ma ta ambaci mahaifinta, limamin coci, yana karanta ɗaya daga cikin bakwai ɗin da ya aro daga shagon haya. Wannan kaɗai ya raunana zancen cewa 'yan aiki da 'yan mata marasa tunani ne kawai masu karanta irin waɗannan littattafai.

Manazartan yau sun kasu. Wasu na cewa yawancin kayan Minerva maimaici ne, an rubuta su da sauri a kan ƙa'ida ɗaya, kuma mazan da suka yi irin wannan rubutu su ma an manta da su, don haka ba wariya ba ce. Wasu, tun daga Dale Spender da Jane Spencer a 1986, na cewa tarihin da aka koyar, musamman bayan littafin Ian Watt na 1957 da ya gina asalin ƙagaggen labari a kan maza uku, Defoe da Richardson da Fielding, ya share mata da gangan ko da sakaci. Kashi na uku, masu tarihin littafi, sun fi damuwa da ƙidaya da karanta abin da aka buga. Suna nuna cewa ƙa'idar da ake raina ita ce ta ba matan damar tattauna auren dole da cin dukiyar marayu da ikon waliyyi, a cikin rigar labarin wata fada a Italiya.

Kowane ɓangare na da abin riƙewa. Ba kowane littafin da aka manta ne gwanin da aka zalunta ba, kuma wanda ya karanta uku ko huɗu a jere zai ga maimaicin da idonsa. Amma hujja ta nuna cewa an riƙa yanke hukunci da ganin sunan maɗaba'a kawai, kuma a zagin an cakuɗa raina rubutun da raina mata da raina ɗan mai kaji da ya yi kuɗi.

## Yadda aka manta, da yadda aka tono

A 1810 Anna Laetitia Barbauld ta fitar da zaɓaɓɓun labaran Birtaniya cikin juzu'i 50, ta sa mata da dama. Shekara huɗu bayan haka Walter Scott ya fitar da *Waverley*, yana mai amsa cewa Edgeworth ce ta nuna masa hanya. Nasararsa ta sa rubuta labari ya zama sana'ar da namiji mai mutunci zai shiga ya yi arziki, kuma a shekarun 1820 maza suka zarce mata a yawan sabbin labarai. Austen ta tsira ne a wani ɓangare saboda mai bugawa Richard Bentley ya sayi haƙƙin littattafanta a 1832 ya fitar da su a bugu mai araha, sule shida kowanne. Yawancin matan Minerva ba su samu mai yi musu haka ba.

Littafin haya kuma ba ya daɗewa. Hannu ɗari ya taɓa shi, ya yage, a zubar. Mantuwar ta kai an daɗe ana zaton Austen ce ta ƙirƙiri sunayen labaran nan bakwai na *Northanger Abbey*, sai a shekarun 1920 manazarta Michael Sadleir da Montague Summers suka nuna cewa littattafai ne na gaske. Dorothy Blakey ta fitar da tarihin Minerva a 1939. Babbar taska kuwa a Jamus aka same ta, a fadar Corvey, inda wani basarake da matarsa suka riƙa sayen sabbin labaran Turanci a farkon ƙarni na 19 suna ajiyewa. Sama da dubu biyu ne suka tsira a can, wasunsu babu kwafinsu ko a manyan ɗakunan karatu na Birtaniya. A 2003 aka buɗe ɗakin karatu na rubutun matan da a Chawton House, gidan ɗan'uwan Austen.

## Abin da ya shafi mai karatu da marubuci

A zamaninsa, tsarin ya amfani mai karatu fiye da kowa, amma ba kowane mai karatu ba. Rajistar aure ta nuna cewa wajen 1800 kimanin mata huɗu cikin goma ne ke iya sa hannu da sunansu, maza kuwa shida. Gini ɗaya a shekara ma ya fi ƙarfin talaka. Waɗanda suka ci moriya su ne iyalan masu kanti da malamai da ƙananan ma'aikata, sai barorin da ke karanta abin da uwar gida ta aro, da waɗanda ake karanta wa a bayyane da dare. Mai ƙaramin kanti a ƙauye ya samu ƙarin hanyar shiga. Marubuciya ta samu ƙofar da ba ta buƙatar ubangida, a farashin da ba ya fitar da ita daga bashi. Roche da Parsons duk sun kai ga rubuta wa asusun tallafa wa marubuta da aka kafa a 1790 suna neman agaji, Roche kuwa a daidai lokacin da ake ta sake buga littafinta.

A yau tasirin ya fi bayyana a makarantu da intanet. Jami'o'i da dama sun sa Behn da Haywood da Smith a manhajar adabin Turanci, ɗalibin da ya tsaya a kan su Defoe kaɗai zai tarar an wuce shi. An ɗauki hoton dubban littattafan an sa a rumbunan intanet, kamfanin Valancourt Books na Amurka kuma ya sake buga labaran nan bakwai. Duk marubutan da aka ambata daga Behn zuwa Roche sun rasu fiye da shekara 170 da suka wuce, don haka haƙƙin mallakar rubutunsu ya ƙare. Mai son fassara *Oroonoko* ko *Evelina* zuwa Hausa ba ya buƙatar izinin kowa, muddin asalin rubutun ya ɗauka. Gabatarwa da bayanan da editocin zamani suka ƙara a sabbin bugu kuwa suna da masu su.